Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki: Abin da Tarihin Birnin Tudu ke Koya Mana

 A wannan karo za mu waiwayi tarihi, mu tafi ƙasar Zamfara, wani gari da ake kira Birnin Tudu. Garin yana cikin yankin noman rani na Bakolori, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Yawancin mutanen yankin manoma ne, Musulmi. Wani zai ce, to, me ya haɗa mu da su? Abin da ya haɗa mu shi ne mutuwa, da hawayen waɗanda aka bari a baya. Gama abin da ya sami wannan yanki tun daga 1980 ya nuna a fili inda al'adarmu ta ta'aziyya take da ƙarfi, da kuma inda take kasawa. Ga tambayar da za mu riƙe a zuciya: sa'ad da aka naɗe tabarmar makoki, kowa ya koma gidansa, wa ya rage tare da mai baƙin ciki?

Makoki kamar yadda muka gada

A ƙasar Hausa ba a barin wanda aka yi wa rashi shi kaɗai. Da zarar an ji kuka a wani gida, maƙwabta sukan ajiye abin da suke yi. A wurin maƙwabtanmu Musulmi akan yi wa mamaci wanka da sutura, a yi masa salla, a kai shi makwancinsa ba tare da jinkiri ba. Daga nan sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida domin maza, mata kuwa suna ciki. Kwana uku ana shiga ana fita, ana cewa, "Yaya haƙuri?" Maƙwabta ne ke kawo abinci. A wurare da yawa akan sake taruwa ranar bakwai da ranar arba'in. Matar mamaci kuma takan yi takaba wata huɗu da kwana goma.

Mu ma a ikkilisiya muna da namu. Matasa su haƙa kabari, mawaƙa su kwana suna waƙa, Zumuntar Mata su ɗebo ruwa su yi dahuwa, fasto ya yi wa'azi, a tara gudummawa. Bayan 'yan kwanaki iyalin su zo sujada su yi godiya. Wannan gado ne mai kyau, kada mu raina shi.

Amma mu lura, wannan al'ada tana zaune ne a kan duwatsu uku, kamar tukunya a murhu. Dutse na fari shi ne, jama'a sun san wanda ya mutu, sun ga gawarsa, sun raka shi kabari. Na biyu, mutuwa tana zuwa ɗaya bayan ɗaya, saboda haka masu ta'aziyya sun fi masu makoki yawa. Na uku, gari yana zaune, maƙwabta suna nan, gona ma tana nan. In aka zare dutse ɗaya, tukunya za ta karkace. Tarihin yankin Birnin Tudu labari ne na yadda aka yi ta zare waɗannan duwatsu.

Shekarar 1980: matattun da ba a yarda da lissafinsu ba

A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Nufin gwamnati shi ne a sami noman rani mai yawa. Amma ruwan tafkin ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tayar da mutane dubbai daga gidajensu. Waɗanda ke zaune a ƙasan madatsar kuma aka hana su shuka sa'ad da manyan motoci ke baje gonakinsu ana haƙa hanyoyin ruwa. Aka sare itatuwan amfani. Diyya ta yi jinkiri, da yawa kuma suka ce ba a biya su daidai ba. Sai manoma suka fara tare hanyoyin ma'aikata. A ƙarshen 1979 magana ta yi zafi a Birnin Tudu, har gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Alhaji Shehu Kangiwa, ya yi alkawarin duba kukansu. A tuna, a lokacin Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, gama sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ba ta jiharta.

A ƙarshen watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje, mutane suka watse. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Waɗansu masu bincike kuwa suka ce sun haura 380. Har wa yau lissafin nan biyu bai haɗu ba.

'Yan'uwa, ku dubi ratar da ke tsakanin 30 da 380. A cikin ratar nan akwai mazajen waɗansu mata, akwai iyayen waɗansu yara. Ku yi tunanin macen da ta san mijinta ya fita da safe bai komo ba, amma lissafin hukuma bai ƙirga shi ba. Wa zai zo mata ta'aziyya a fili sa'ad da kowa yana tsoro? A ina za a shimfiɗa tabarma, tun da gidan ya ƙone, maƙwabta kuma sun gudu? Ga darasi na fari. Mai makoki yana bukatar a yarda cewa lallai ya yi rashi, a kira sunan wanda ya tafi. In an hana shi wannan, ciwon yakan zama kamar miki da aka rufe ba a wanke ba.

Annoba, da nauyin masu jinya

Dutse na biyu ya zare a lokatan annoba. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. A 2017 ya sake dawowa, ya kashe mutum fiye da 1,100, Zamfara kuwa ita ta fi kowace jiha shan wuya. A irin wannan lokaci gidan da ya kamata ya kawo abincin makoki shi ma yana makoki. Ba a gama kwana uku na wannan ba sai a tashi a tafi jana'izar wancan.

A 2010 wata masifa dabam ta bayyana a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kudu da Talata Mafara. Mutane suna haƙo duwatsun zinariya suna niƙa su a cikin gidaje, ba su sani ba duwatsun suna cike da dalma. Ƙurar ta shiga ƙasar da yara ke rarrafe a kai. A watan Maris na shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Aƙalla yara 400 suka mutu. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, har aka kai ga garin Bagega a 2013. Aka yi wa yara dubbai magani, MSF kuma ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022.

Wannan babban aiki ne, ya ceci rayuka. Amma bari mu dubi iyaye mata. Su ne suka zauna a asibiti makonni da yara a cinya. Waɗansu suka koma gida hannu wofi. Waɗansu suka koma da yaron da gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, wanda zai bukaci kulawa muddin ransa. Bayan wannan kuma ga tambayar da ke cin zuciya: da ban bari an niƙa dutsen a tsakar gidana ba, da ɗana yana nan? Ƙasa ana kwashe ta da shebur, amma ba a kwashe irin wannan tunani da shebur. Darasi na biyu ke nan. Mai jinya yakan fara makoki tun kafin a mutu, yakan kai ranar jana'iza a gajiye, da bashi a kansa, sau da yawa yana ganin laifin kansa. Mu kuwa mukan gaishe da mai ciwo, mu manta da wadda ta kwana a zaune kusa da shi.

Makokin da ba gawa

Daga wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara. A 2019 gwamna Bello Matawalle ya kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon shugaban 'yan sandan Nijeriya, M. D. Abubakar. Kwamitin ya ba da rahoto cewa tsakanin 2011 da 2019 an kashe mutum 6,319, mata 4,983 sun rasa mazansu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum fiye da 190,000 kuma sun bar gidajensu. Abin bai tsaya nan ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta na shekarar aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, aka kashe mutane, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar Kaya a ƙaramar hukumar Maradun.

Labarin waɗannan ya kai kunnen duniya. Amma akwai waɗanda aka ɗauke a gona ko a hanyar kasuwa, ba wanda ya rubuta sunansu a jarida, har yau kuma ba labari. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce an yi rajistar ɓacewar mutum kusan 22,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa maso Gabas. Ga iyalin wanda ya ɓace, dukan duwatsu uku sun zare. Ba gawa, ba kabari, garin ma ya watse. Matar ba ta san ko ita gwauruwa ce ko matar aure ba. In ta yi makoki, kamar ta fid da rai da shi. In ba ta yi ba, zuciyarta tana rataye. Al'adarmu ta kwana uku ba ta da wurin zama domin irin wannan mace, shi ya sa sau da yawa ba wanda yake zuwa.

Yadda waɗansu suka cike wannan rata

Ba mu ne muka fara fuskantar wannan ba. Littafin Ayyukan Manzanni sura 6 ya nuna yadda aka yi gunaguni a ikkilisiyar Urushalima domin ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci. Manzanni ba su tsaya ga ba da haƙuri kawai ba, sai da aka zaɓi mutum bakwai aka ɗora musu aikin. Wajen shekara ta 251, Karniliyus, bishop na Roma, ya rubuta wasiƙa inda ya ambaci cewa ikkilisiyarsa tana ciyar da gwauraye da matalauta fiye da 1,500. Ku lura, ya san yawansu, wato akwai mai ƙirgawa. A zamanin nan kuma annoba ta faɗa wa birnin Kartaj, a ƙasar da yau ake kira Tunisiya. Bishop Sifiriyan ya gargaɗi masu bi su yi jinyar marasa lafiya, har da waɗanda ba Kirista ba, ko da yake ba a daɗe da tsananta wa ikkilisiya ba.

A zamaninmu, wata mace a Ingila mai suna Margaret Torrie ta ga yadda ake manta da gwauraye bayan jana'iza. A 1959 ta fara tara su a Richmond. Aka sa wa ƙungiyar suna Cruse, wato tulun mai, domin tunawa da gwauruwar Zarefat wadda tulunta bai ƙafe ba a zamanin annabi Iliya. A 1968 yara maza biyu suka mutu a wani asibiti a birnin Coventry. Limamin asibitin, Simon Stephens, ya haɗa iyayensu, ya kuwa ga sun ta'azantar da juna fiye da yadda shi zai iya. Daga nan aka kafa ƙungiyar Compassionate Friends a 1969, domin iyayen da suka rasa 'ya'ya. Bahaushe ya riga ya faɗa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A 1967 Cicely Saunders ta buɗe gidan St Christopher a Landan domin masu ciwon ajali, inda aka ɗauki kula da iyalin mai ciwo a matsayin wani sashe na jinyar. A 1993 likita Anne Merriman ta kai irin wannan aiki Uganda, ma'aikata suna bin marasa lafiya har gida.

Hukumomi ma sun fara farkawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 23 ga Yuni domin gwauraye, aka fara kiyaye ta a 2011. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince cewa akwai baƙin cikin rashi da yakan daɗe fiye da wata shida da tsanani, har ya hana mutum gudanar da rayuwarsa, wanda ke bukatar taimakon masana. A Nijeriya kuma, a watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Amma doka ba ta da ƙafa, ba za ta shiga ɗakin gwauruwa ta zauna ba. Zumunta a ƙafa take.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

In muka duba dukan waɗannan, za mu ga abu guda. Ba da kuɗi mai yawa suka fara ba. Sun fara ne da sanin sunaye, da ɗora aikin a kan mutanen da aka sani, da kuma ci gaba da zuwa bayan taro ya watse. Ko ƙaramar ikkilisiya ta ƙauye za ta iya wannan.

Da fari, a sayi littafi guda, a rubuta sunan kowane mamaci, ranar da ya rasu, da waɗanda ya bari. A rubuta har da waɗanda aka sace ba a ji labarinsu ba. Sau ɗaya a shekara a karanta sunayen a sujada, in iyalin sun yarda. Abin da aka hana matan Bakolori ke nan a 1980, kada mu hana namu.

Na biyu, dattawa da Zumuntar Mata su sa mutum biyu a kan kowane gidan da aka yi rashi, har shekara guda. Mata su je wurin mace, maza wurin namiji. Kada a manta da mazan da suka rasa matansu, gama kunya takan hana su magana. A je bayan mako biyu, sa'ad da baƙi suka tafi gidan ya yi shiru. A je lokacin Kirsimati, da faɗuwar damina, da ranar da aka cika shekara.

Na uku, in mun je, mu iya zama mu saurara. Kada mu ce wa mai kuka bangaskiyarsa ta kasa. Ubangijinmu kansa bai ɓoye hawayensa ba a bakin kabarin Li'azaru. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru, sai da suka fara neman laifinsa ne suka ɓata. A bar uwa ta ambaci sunan ɗanta ko sau nawa take so. Yara ma a faɗa musu gaskiya daidai da shekarunsu, kada a ce baba ya yi tafiya.

Na huɗu, a tuna da masu jinya tun mai ciwo yana da rai. A yi jerin waɗanda za su karɓe su kwana ɗaya ko yini ɗaya, domin su yi barci, su je kasuwa, su zo sujada. Bayan rasuwa kuma a bincika a asirce ko akwai bashin asibiti.

Na biyar, ta'aziyya ba ta cika in rumbu ba hatsi. Matasa su yi gayya a gonar gwauruwa. A keɓe wani kashi na baiko domin kuɗin makarantar marayu. In dangin miji suka tashi kwashe kayan gida, dattawa su shiga tsakani tun da wuri.

Na shida, mu san iyakarmu. In watanni suka wuce mutum ba ya ci, ba ya barci, ba ya iya aiki, ko yana maganar kashe kansa, kada a ce aljanu ne, kada kuma a ɓoye. A yi addu'a, a kuma raka shi asibiti. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Wanda ya yi maganar kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai.

Na ƙarshe, kada ƙafarmu ta tsaya a ƙofar majami'a. Masu bi kaɗan ne a Zamfara, yawancin gwaurayen nan 4,983 kuwa maƙwabtanmu ne Musulmi. Su ma sukan zo mana gaisuwa in an yi mana rashi. Mu je musu, mu zauna a tabarmarsu da ladabi, mu kuma koma bayan arba'in da ɗan abin da Allah ya hore, ba da wata manufa ba sai ƙauna.

'Yan'uwa, yaran da suka rasa iyayensu a Bakolori a 1980, yau da yawansu sun yi jikoki. Ba za mu iya komawa mu zauna da iyayensu mata ba. Amma a garinku akwai gidan da aka naɗe tabarma watan jiya. Kun san gidan. Ku je cikin makon nan.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, muna kawo maka mutanen Birnin Tudu da na Talata Mafara da Bakura da Maradun, da dukan masu makoki a ƙasarmu. Ka san sunan kowane wanda ba a ƙirga ba. Ka ƙarfafa masu jinya, ka komo da waɗanda aka sace, ka ba ƙasar Zamfara salama. Ka ba mu ƙafafun da ba sa gajiya da ziyara, da kunnuwan da ke saurare. A cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.